Boxer, Roba-roba da Fawa-baik: Yadda Abuja Ke Auna Mutum da Babur Ɗinsa

Maigadin da ke tsaye a ƙofar wani rukunin gidaje a Gwarimpa ko Lokogoma ba ya jiran ganin fuskar mai babur kafin ya san yadda zai yi da shi. Tun daga nesa, da ya ji ƙarar inji ya hango tanki da tsawon kujera, ya riga ya yanke hukunci. In jan Boxer ne, hannu zai ɗaga a tsaya daga waje, fasinja ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. In mai akwati ne a baya, zai tambayi lambar gida, ya sa a kira wanda ya yi odar abincin. In kuwa ƙaton babur ne mai rugugi, mahayinsa ya rufe jiki ruf da baƙar rigar fata da hular kwano mai gilashi, to da sauri zai ɗage ƙarfen ƙofa, har ya haɗa da "Sannu da zuwa, Oga."

Duk ukun taya biyu suke hawa, kuma titi ɗaya suka biyo. Amma a Abuja ƙirar babur ta zama katin shaida. Da ita ake ƙiyasta arzikin mutum da garinsu da iliminsa, wani lokaci har da ko mai gaskiya ne ko mugu. Masu motoci ba su kaɗai ke wannan awon ba. Su kansu mahayan suna yi wa juna, kuma nasu ya fi zafi, domin sun san junansu ciki da bai.

Tushen abin yana cikin doka. A ranar 1 ga Oktoba, 2006, Ministan Babban Birnin Tarayya na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya haramta acaɓa a tsakiyar birnin, aka kawo manyan motocin bas ɗin da har yau wasu ke kira da sunansa. 'Yan acaɓa ba su ɓace ba. Sun koma gefe ne, inda akasarin mutanen da ke aiki a Abuja suke kwana: Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kubwa, Dutsen Alhaji, Mpape, Lugbe, Dei-Dei, Zuba, Kuje, Gwagwalada, da Mararaba ta jihar Nasarawa. Tun daga ranar birnin ya rabu biyu ga mai babur. Akwai Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, inda ganin ƙaramin babur kan sa jami'i ya miƙe tsaye. Akwai kuma unguwannin bayan gari, inda in ba babur ba, mai ciki ba za ta kai asibiti ba, ɗan makaranta ba zai kai bakin titi ba. Dokar haya ta hana, ba mallakar babur ba. Sai dai jami'in da ke bakin shataletale ba shi da hanyar sanin wanda ke goye a baya fasinja ne ko ƙanen mai babur ne, don haka ƙirar yake kallo. Masu baburan kansu sun daɗe suna kokawa da wannan.

Boxer ne ya fi ɗaukar wannan nauyin. Kamfanin Bajaj da ke birnin Pune na Indiya ke ƙera shi, kuma Najeriya ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin kamfanin a waje. Kafin zuwansa, baburan Sin ne suka mamaye harkar, musamman Jincheng ƙirar AX100, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki na Japan. Jincheng yana da arha, yana da zafin tashi, amma injinsa irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, shi ya sa yake barin shuɗin hayaƙi a baya, kuma yana shan mai. Boxer ya zo da injin da baƙin mansa ke zaune daban, ba hayaƙi, fetur kaɗan ya ishe shi wuni. Cikin 'yan shekaru ya ture Jincheng daga tashoshin acaɓa.

Wanda ya tsaya ya dubi Boxer ɗin ɗan acaɓa a ƙarƙashin gadar Nyanya zai karanta sana'ar gaba ɗaya a jikinsa. Kujerar doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, an lulluɓe ta da leda mai kauri ko guntun kafet don kada rana ta fasa ta. A bayanta akwai ƙarfen ɗaukar kaya, sau da yawa mai walda ya ƙara masa tsawo, an naɗe shi da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tib. Tankin yana sanye da riga mai aljihu, nan ake ajiye canji da waya da tikitin ƙungiya na ranar. Madubin gefe ɗaya ne, ko babu ko ɗaya, domin wasu na cire su don su samu kurɗawa tsakanin motoci. A ƙasan lamba an rataya yankin roba mai tare taɓo, an rubuta masa addu'a ko sunan garin mai shi. Da wannan babur ake hawa tudun Mpape da buhun siminti biyu, da shi ake kai uwa da 'ya'yanta uku makaranta, da shi ake tsallake kwatamin Jikwoyi da damina.

Mai Boxer yana alfahari da wannan ƙarfin. In ana hira a tasha za ka ji ana cewa Boxer jaki ne, ba ya gajiya, ba ya zaɓen hanya, kuma ko a ƙauyen da ya fi kowane nisa za ka samu bakaniken da ya san shi da mai sayar da kayan gyaransa. Mai Jincheng a wurinsu mutumin da zamani ya wuce ne, ko wanda bai tara kuɗin sabo ba. Abokin hamayyar da suke ɗauka da gaske shi ne TVS, wani ɗan Indiyan, wanda kamfanin Simba ke rarrabawa a Najeriya. Masu TVS sukan ce nasu ya fi laushin tuƙi da daɗin zama, masu Boxer su ce a jira ranar sayarwa a ga wanda zai riƙe darajarsa. Wannan musu ba ya ƙarewa, kuma ba na banza ba ne. Yawancin waɗannan matasa ba su ne masu baburan ba. Wani ne ya saya ya ba su, suna kai masa balas kullum ko duk mako, ko kuma suna biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama nasu a kan farashin da ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba. Ga wanda ke cikin irin wannan yarjejeniya, kwana biyu a wurin bakanike yana nufin bashi.

Mutanen gari kuwa ba wannan suke gani ba. A idon mai mota, mai Boxer baƙo ne da ya sauko daga tirela jiya, bai san fitilar titi ba, ba ya jin Turanci, kuma in ka taɓa ɗaya ɗari za su taru a kanka. "Aboki" ake kiransa, da muryar da ba ta abota ba. A cikin wannan zargi akwai abin da ba za a musa ba. Ana bin hannun da ba daidai ba, ana goyon mutum uku, kuma ba a cika sa hular kwano ba. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sa hular a farkon 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. Amma akwai abin da zargin ke tsallakewa. Da yawa daga cikin waɗannan mutane manoma ne 'yan cirani daga Katsina da Zamfara da Jigawa da Sakkwato, wasu rashin tsaro ne ya raba su da gonakinsu. Wasu kuma daga garuruwan da aka hana sana'ar suka taso: Maiduguri ta hana babura a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Legas ta tsaurara nata hanin a 2020 da 2022. Duk inda aka rufe ƙofa, wani kaso na mahayan yakan gangaro gefen Abuja. Kuma ba Hausawa kaɗai ke sana'ar ba. Akwai Gbagyi 'yan ƙasa, akwai Tibi da Idoma da Ibo da mutanen Filato da Kudancin Kaduna, dukkansu a kan Boxer, dukkansu ana yi musu kallo ɗaya.

Babu wanda wannan kallo ya fi damu kamar mai roba-roba.

Roba-roba shi ne ƙaramin babur ɗin nan mai rufin roba a gaba, wanda ba a matsa masa kuloci da hannu, irin su Lifan da Haojue da ƙaramin Jincheng. Kakansu duka shi ne Super Cub na Honda da ya fito a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. A Arewa wannan babur na malamin makaranta ne, da ƙaramin ma'aikaci, da tela, da mai shagon magani, da saurayin da ke zuwa zance. Babbar fa'idarsa ga mai shi ita ce yana shelanta cewa wannan ba ɗan acaɓa ba ne. Mai Lifan yakan goge babur ɗinsa tas da safe, ya bar ledar kamfani a kan kujera wata da watanni, ya sa farar shadda da hula ya hau, gwiwoyinsa a haɗe, rigarsa ba ta taɓa inji ba. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne wata mata ta tsaya a bakin titi ta ɗaga masa hannu tana cewa "Okada!" Shi a ganinsa mai Boxer ne ya jawo wa duk mai taya biyu raini. Mai Boxer kuma yana ganin roba-roba babur ɗin mata ne da 'yan gayu, wanda in aka ɗora masa buhun masara zai durƙusa.

Maganar "babur ɗin mata" tana da tarihi. A Kudu haka ake kiran wannan ƙira, kuma a Nnewi ta jihar Anambra, garin da ya zama cibiyar cinikin babura da kayan gyaransu a ƙasar nan, mata ne suka fi hawansa, zuwa kasuwa da coci da ɗauko yara. A Maradi da Yamai ma ganin mace a kan ƙaramin babur ba abin juyowa a kalla ba ne. A Kano kuwa babur ɗin maza ne masu kamun kai. Ƙarfe ɗaya, kamfani ɗaya, amma kowane gari da irin mutumin da ya liƙa masa.

Dattawa kuma suna da nasu ma'aunin, wanda ya girmi Abuja kanta. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1970, lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, yana tuna zamanin da babur alama ce ta ci gaba. Vespa ta Italiya, wadda ake kira Basfa, ita ce ta hedimasta da akawu da malamin asibiti, domin mutum na iya hawa da babbar riga ba tare da ta naɗe a sarƙa ba. Honda Benly da Roadmaster da Yamaha da Suzuki na samarin da suka fara ɗaukar albashi ne. Honda ma ta kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a 1979. A wurin wannan tsara, "ɗan Japan" shi ne babur, sauran duk kwaikwayo ne. Har yau a Suleja ko Zariya ko cikin birnin Kano ana iya cin karo da dattijo a kan Basfar da ta haura shekara 40, kuma babu jami'in da zai yi tunanin tare shi.

Sabon rukuni shi ne na masu kai saƙo. Sun ƙaru sosai tun lokacin kullen korona a 2020, sannan manhajojin odar abinci irin su Chowdeck da Glovo suka ƙara musu yawa. Su ne masu ƙananan baburan da aka yarda su ratsa Wuse da Maitama, matuƙar sun yi rajista da Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa ta Abuja, wadda kowa ya fi sani da VIO. Suna hawa Qlink ko TVS ko babban Boxer, da akwati a baya, da riga mai ɗaukar ido da hular kwano. Mai kai saƙo ba ya yarda a haɗa shi da ɗan acaɓa. Zai ce shi ma'aikacin kamfani ne, yana da takardu, yana karanta taswira a waya, wasunsu ma da takardar digiri ko difloma a gida. Ɗan acaɓa kuma yana cewa shi aƙalla da kuɗinsa yake kwana a aljihu, babu wata manhaja da ke ƙirga masa mintuna. Abin lura shi ne wani lokaci babur ɗin iri ɗaya ne sak. Akwatin da ke baya ne kawai ya sa ɗaya ya wuce shingen jami'ai, ɗaya kuma ya juya da gudu.

Can sama da kowa akwai masu fawa-baik. Injin Boxer na acaɓa cc 100 ne, babbansa cc 150. Baburan da ke fitowa kan titin filin jirgin sama ko babbar hanyar Kubwa ranar Asabar da safe suna kamawa daga cc 600 zuwa sama da 1,000: Kawasaki Ninja, Yamaha R1, Suzuki Hayabusa, Ducati, BMW, da Harley-Davidson jefi-jefi. Akwai waɗanda kuɗinsu ya fi na mota mai kyau, kuma hular kwano da riga da takalmin mahayin kaɗai na iya sayen sabon Boxer. Abuja ta dace da su fiye da kowane birni a Najeriya, saboda faɗin titunanta da ƙarancin cunkoso a ƙarshen mako.

Abin da talaka ke cewa a kansu gajere ne: 'ya'yan manya ne da suka rasa abin yi da kuɗi, suna hana mutane barci, kuma doka ba ta hawa kansu. Wannan magana ta ƙara ƙarfi a ranar 26 ga Disamba, 2017, lokacin da Yusuf, ɗan Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi haɗari da irin wannan babur a Gwarimpa, ya ji rauni a ka kuma ya samu karaya. Ƙasa ta yi masa addu'a, Allah ya ba shi lafiya, amma muhawarar da ta biyo baya ta nuna yadda jama'a ke kallon wannan wasa. Su kuwa mahayan suna cewa an yi musu kuɗin goro. A cikinsu akwai likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da hafsoshin soja masu ritaya, akwai mata, kuma ƙungiyoyinsu na da ƙa'idoji masu tsauri kan kayan kariya da tafiya a jere. Suna kafa hujja da irin su Kunle Adeyanju, wanda a 2022 ya tuƙo Honda daga Landan zuwa Legas, ya ratsa Sahara, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Babban abin da ke ƙona musu rai shi ne a kira babur ɗinsu okada.

A cikin gidansu ma akwai tsokana. Masu baburan tsere, waɗanda ke kwanciya a kan tanki, suna cewa mai Harley tsoho ne mai son ƙara ba gudu ba. Mai Harley yana ganin su yara ne masu gaggawar zuwa lahira. Mai BMW na doguwar tafiya yana kallon duka biyun a matsayin 'yan zagaya gari, waɗanda ba su taɓa kwana a kan iyakar Jibiya ko Seme suna jiran hatimi ba. Mutum ɗaya da ya yi fice wajen tsallake wannan katanga shi ne mawaƙi Charles Oputa, wato Charly Boy, wanda ya daɗe da zama a Gwarimpa. Manyan babura yake hawa, amma ya shahara da tsaya wa 'yan okada da fitowa tare da su. Ba a cika samun irinsa ba.

Wannan ɗabi'a ta auna mutum da babur ɗinsa ba a Najeriya aka fara ta ba. A Amurka, wata hatsaniya da aka yi a taron masu babura a garin Hollister na jihar Kalifoniya a 1947, wadda jaridu suka kambama, ita ta haifi hoton mai babur a matsayin ɗan daba. Fim ɗin Marlon Brando na 1953 ya ƙara kafa hoton, kuma duk da cewa Triumph na Ingila ya hau a fim ɗin, Harley ne ya gaji sunan. Da Honda ta shiga kasuwar Amurka a 1959, sai ta gina tallanta a kan kishiyar wannan hoto, tana nuna matan gida da ɗalibai da ma'aikata a kan ƙananan babura, don ta ce mutanen kirki ne ke hawa nata. Masu Harley suka mayar da martani da raina duk wani babur ɗin Japan, har gwamnatin Ronald Reagan ta ƙaƙaba haraji mai nauyi kan manyan baburan Japan a 1983 don ta ceci Harley. A Ingila kuma, a 1964, samari masu Vespa da Lambretta sun gwabza da masu Triumph da Norton a garuruwan bakin teku irin su Brighton da Margate. Masanin zamantakewa Stanley Cohen ya yi nazarin lamarin a littafinsa na 1972, ya nuna yadda jaridu da hukuma suka mayar da ƙaramin rikici babbar barazana, har duk saurayin da ke kan babur ya zama abin zargi.

A Turai da Amurka yawancin wannan ya koma wasa da ado. A nan yana iya cin dukiyar mutum, yana iya cin ransa.

A Arewa maso Yamma akwai wani samfurin Honda mai ƙarfi da jure daji wanda jama'a suka laƙaba wa suna "Boko Haram", saboda 'yan bindiga sun fi son sa. Sunan ya bi bakin mutane har ya shiga rahotannin 'yan sanda da na jaridu. Manomin da ya sayi wannan babur don ya kai amfanin gona kasuwa ta hanyar da mota ba ta bi, shi ma da wannan suna ake kiran abin hawansa, kuma shi ne zai sha tambayoyi a kowane shinge. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, a cikin matakan tsaron da ta ɗauka. A ƙarshen shekarar, jihar Neja, maƙwabciyar Abuja ta ɓangaren Suleja, ta hana sayar da wasu nau'o'in babura, ta ambaci sunayensu, ciki har da Boxer da Honda da Jincheng, bayan masu garkuwa da mutane sun fara neman sababbin babura a matsayin kuɗin fansa. Bayan harin gidan yarin Kuje na 5 ga Yuli, 2022, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasar. Ba a aiwatar ba, amma maganar ta nuna inda tunanin hukuma ya dosa. Barazanar 'yan bindiga gaskiya ce, mutanen Bwari da Kuje da Kwali sun ɗanɗana ta. Sai dai 'yan bindiga sun zaɓi waɗannan babura ne saboda dalilin da ya sa manomi da ɗan acaɓa suka zaɓe su, wato ƙarfi da arhar gyara, kuma masu neman halal da su sun ninka miyagun sau ba adadi.

Watan Mayun 2022 ya nuna yadda wannan zargi na juna ke kama wuta. A ranar 18 ga watan, wata fasinja ta faɗo daga kan acaɓa a kusa da kasuwar Dei-Dei, babbar mota ta take ta. Cikin sa'o'i kaɗan rikici ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da 'yan acaɓa, aka rasa rayuka, aka ƙona wani sashe na kasuwar katako, har Ministan Babban Birnin Tarayya na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya ba da umarnin rufe kasuwar. Kafin watan ya ƙare, gungun 'yan acaɓa suka afka wa wani rukunin gidaje a yankin Lokogoma, suna neman wani direba da aka ce ya buge 'yan uwansu ya gudu ciki. Haɗin kan da ke sa su tara wa abokin sana'a kuɗin asibiti, ko su kai gawarsa garinsu, shi ne a irin wannan rana yake rikiɗewa ya zama ɗaukar doka a hannu, kuma babu uzurin da zai wanke hakan. Shugabannin ƙungiyoyinsu na da aiki a gabansu a nan. Amma wanda ya biya farashin washegari shi ne duk mai Boxer, har wanda yake Gwagwalada lokacin da abin ya faru.

Hukumar birnin ta daɗe da ɗaukar hanyar kamawa da murƙushewa. Ana tara ɗaruruwan baburan da aka ƙwace, a kira 'yan jarida, a sa katafila ta bi ta kansu, kuma an ci gaba da hakan bayan Nyesom Wike ya zama minista a Agustan 2023. Duk wanda ya kalli hotunan zai ga kusan ƙira ɗaya ce a tulin. Doka doka ce, kuma wanda ya ɗauki fasinja a inda aka hana ya san abin da ya taka. Amma gudun wuce sa'a a titin filin jirgi ma laifi ne, cire salansa a tayar da unguwa da tsakar dare ma laifi ne, kuma ba a saba ganin irin waɗancan baburan a ƙarƙashin katafila ba. Rajistar kowane mahayi da lambar da za a iya gane shi da ita, da horo kafin a ba shi lasisi, da hukunci a kan abin da ya aikata, sun fi kusa da adalci fiye da duban tanki.

Tsadar rayuwa ma ta fara rikita tsohon lissafin. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a Abuja. Cikin kwanaki ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000. Masu motoci da yawa sun ajiye su a gida. Mutumin da jiya yake zuge gilashi yana zagin ɗan acaɓa, yau shi ne a bayansa daga Kubwa zuwa bakin titi, yana roƙon a rage masa naira 100. Baburan lantarki sun fara shigowa ƙasar, kamfanin Spiro ya fara aiki a jihar Ogun a 2024, kuma tambayoyin da 'yan acaɓa ke yi a kansu na sana'a ne zalla: ina za a canja batir, zai hau tudu da mutum biyu, wa zai gyara shi in ya tsaya a Karshi?

Shi kuwa Boxer, wanda ake wa kallon babur ɗin talaka, sabonsa ya haura naira miliyan ɗaya a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara na sama da wata 14 bai ci bai sha ba kafin ya saye shi. Shi ya sa a Kubwa da Karu da Lugbe ake samun malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da suka sayar da roba-robarsu suka nemi Boxer na hannu. Da safe su tafi aiki da shi, bayan la'asar su canja riga, su sayi tikitin ƙungiya, su shiga layi a tasha har zuwa bayan isha'i.